Canal, Parabol ko Kati: Me Za Ka Haɗa wa Telen Gidanka a Damagaram?

Bayan babbar sallar da ta wuce ƙanen maiɗakina ya yi aure, ya kama haya a Garin Malam. Cikin kayan ɗakin amarya har da tele mai inci 32, sabuwa dal, an kafe ta a bango an yafa mata ƙyalle mai ado. Kwana goma tana nan ba ta nuna komai sai inuwar mai wucewa. Ran nan da la'asar ya same ni a fada muna jiran shayi na biyu, ya gaishe da kowa, sannan ya ce, "Yaya, Canal zan sa ko parabol ta kyauta? Abokaina kuma sun ce in bar wahalar da kaina, waya ta isa." Kafin in buɗe baki mutum huɗu sun ba shi amsa huɗu, kowa na yabon abin da ke gidansa.

Ni tambaya na yi masa: wa zai fi zama gaban telen nan? Shi dai tun safe yake fita shago a Kasuwar Dole, ba ya komowa sai bayan magariba. Ashe telen ta amarya ce, da ƙannenta, da matan maƙwabta da za su riƙa shigowa taya ta zama. Galibin magidanta nan suke yin kuskure. Su zaɓi abin da su suke so, wanda za su kalla awa biyu a mako, su bar masu wuni a gida da tashoshin da ba su jin abin da ake faɗa a ciki.

Canal shi ne sunan da ya fi fitowa a baki, to a fara da shi. Kamfanin Faransa ne, tsarinsa kuma a fili yake: ka sayi dekoda da ƴar ƙaramar parabol, mai haɗawa ya zo ya saita, daga nan duk wata ka biya abonma. Ƙaramin tsari, wanda suke kira Access, ya daɗe a kan jika 5. Na sama da shi, Evasion, jika 10. Akwai kuma waɗanda suka fi haka tsada. Farashi yana motsi, don haka ka tambaya a shago ranar da za ka biya. Lissafin da ba a cika yi ba shi ne na shekara. Jika 5 sau 12 jika 60 ke nan, jika 10 kuma ta kai ka 120. A garin da kuɗin tiyar hatsi ke hana magidanci barci a watannin Yuli da Agusta, wannan ba kuɗin goro ba ne.

Abin da kake saye da kuɗin nan, gaskiya, kwanciyar hankali ce. Hoto tangaran, tashoshi a jere da lambobinsu, wadda ka bari jiya a wurinta za ka tarar yau. Sai ƙwallo, wadda ita ce ainihin abin da ke kai maza shagon Canal ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Gasar Zakarun Turai daren Talata da Laraba, gasar Ingila da ta Spain ƙarshen mako. Amma ba kowane wasa ne ke cikin ƙaramin tsari ba, kuma na sha ganin wanda ya biya jika 5 yana murna, ya tara abokai, aka zo babban wasa allo ya nuna masa cewa tashar ba ta cikin abin da ya biya. Kafin ka miƙa kuɗi ka ambaci gasar da kake bi da sunanta, ka sa a nuna maka tashar da ke kawo ta da tsarin da take ciki. Ka kuma tuna cewa bashi ba ya hawa kanka idan ka ƙi biya. Kakar ƙwallon Turai daga Agusta zuwa Mayu take, saboda haka mai wayo yakan bar dekoda ta huta a Yuni da Yuli.

Akwai wani amfanin da ban raina ba, na yara. Ko da yake tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, jarrabawar BEPC da ta Bak har yanzu da Faransanci ake rubuta su. Yaron da ke kallon zane-zanen yara da Faransanci kullum, kunnensa yana buɗewa kafin na ɗan'uwansa da ba ya jin harshen sai a bakin mushe cikin aji. Na ga wannan a gidan yayata: ƴar autarta tana aji biyu amma tana gyara wa babanta lafazi.

Raunin Canal a gidan Bahaushe shi ne Hausa ba ta da yawa a ciki. Novelas TV, A+ da finafinanta na Abijan da Dakar, Nollywood TV da aka juya zuwa Faransanci, duk suna da masoyansu a cikin ma'aikata da ƴan makaranta. Amma Inna da ba ta yi lakwal ba za ta zauna gaban tashoshi barkatai ta ƙare da biyu ko uku, waɗanda da ma ana samunsu kyauta a wani wurin. Ga kuma abin da ake nunawa cikin wasannin soyayyar nan na Amurka ta Kudu, wanda idan ya faɗo kana zaune da surukarka ba ka san inda za ka sa ido ba. Dekodar tana da lambar kulle tashoshi. Ka sa mai haɗawa ya koya maka ita tun ranar farko. Wanda kuma yake son Canal don labaran Faransa ya sani cewa tun Agustan 2023 aka dakatar da France 24 da RFI a Nijar.

Parabol ta kyauta akasin haka take. Sau ɗaya za ka kashe kuɗi: faranti, kan da ke kama sigina, waya, dekoda irin su Strong, da ladan mai haɗawa. Daga nan ba mai ƙara tambayarka ko dala. Kuma a nan Hausa take. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 daga Kano, ita ce uwar ɗakin matan gari. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a cikinta mutane suka san su, ga shirin safe, ga na girki, ga finafinan Kannywood. Sa'ar da muka yi, agogonmu da na Najeriya ɗaya ne, idan sun ce ƙarfe 8 na dare to 8 ɗin ce a Birni da Zango, ba sai an yi ƙari ko ragi ba. Akwai tashoshin wa'azi na Hausa irin su Sunna TV da Africa TV3, waɗanda darajarsu ke fitowa a watan azumi lokacin tafsiri. Akwai tashar da ke nuna Harami kai tsaye dare da rana, wadda tsofaffi ke so a bar musu ko da ba sauti. Akwai tashoshin Larabawa na MBC masu finafinan Indiya da na Amurka. Duka ba abonma.

To amma kyauta tana da nata haraji, kuma da haƙuri ake biyansa. Tashoshin nan ba kan tauraro ɗaya suke ba. Wanda yake son na Hausa da na Larabawa a tare sau da yawa sai ya sa kai biyu, ko faranti biyu, da ɗan abin da ke sauya tsakaninsu. Faranti ƙarami kuma ba ya kama wasu da kyau a nan. Wata safiya za ka tashi ka ga tasha ta ɓace, ba don ka yi laifi ba, sai don sun sauya lambobin da ake kama su. Idan ba ka iya shigar da sababbin da kanka ba, sai ka nemi mai haɗawa, shi ma da ɗan abin shayinsa. Iskar farkon damina, wadda ke zuwa da jar ƙura kafin ruwa, takan karkatar da faranti da ɗan yatsa guda, shi ke nan komai ya tafi. Ni kaina na taɓa ba wani yaro aikin, ya ɗaure mini farantin da waya a jikin katangar laka. Hadari na farko na tsince shi a gidan maƙwabci. Ka sa a kafa ƙarfe a zuba masa siminti. Shi kuwa ɗaukewar hoto lokacin da hadari ya yi nauyi, wannan ba ya bambanta mai biya da mai kallon kyauta, duk faranti haka yake.

Manyan wasannin Turai ba sa cikin kyauta. Za a zo maka da dekodar da aka ce tana buɗe komai idan an sa mata lamba ko an haɗa ta da intanet. Tana yi wata biyu, ranar wasan ƙarshe ta tsaya cak, mai sayarwa kuma ya ce ka jira sabon gyara. Ba ta halal ba ce, ba ta da tabbas, ban ba kowa shawararta ba.

Ko wacce ka zaɓa cikin biyun, ka tabbata Télé Sahel, tashar gwamnatin Nijar, ta fito kafin mai haɗawa ya sauko. Duk shekara ana iya yi mata tsiya a ce ba ta nuna komai sai taro da jawabi, amma ranar da aka fara kokawar takobi kowa gida yake komawa. Gasar nan tun 1975 ake yin ta, an fara a Tahoua, kuma a kwanakin da take gudana titunan Damagaram kan yi tsit da la'asar idan ɗan jiha ya shiga fili. Gidan da telensa ba ta kama kokawa, yaransa a gidan mutane za su wuni. Ga labarai da Hausa, ga sanarwar ganin wata, waɗanda ba wata tashar waje da za ta ba ka.

Yanzu ga abin da ke rushe duk lissafin sama: wuta. Canal da parabol duka suna da sharaɗi ɗaya, sai akwai kuran a daidai lokacin da ake nuna abin. Wani kaso na wutar da yankinmu ke sha daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023, ba a maido ba sai cikin 2024. Ko ba rikici, Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke kai wa maƙura kowa ya kunna fanka da firji, ɗaukewa ba ta da sallama. Mai parabol ta kyauta idan wuta ta tafi shirinsa kawai ya rasa. Mai Canal ya rasa shiri ya rasa kuɗi, don kwanakin abonma suna tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba.

Maganin ba shi da tsadar da ake zato. Tele ta zamani mai inci 32 wat 40 zuwa 50 take ci, dekoda kuma 10 zuwa 15. Kallon awa huɗu da dare bai wuce wat-awa 260 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan 1200, ko rabinsa ka yi amfani da shi don kada ya mutu da wuri, ya ishe ka dare biyu. Pano ɗaya madaidaici a kan rufi zai cika shi, rana kuwa ba ita muka rasa ba a ƙasar nan, sai dai a riƙa goge ƙura lokacin hunturu. A ganina wanda yake da jika 120 a hannu, gara ya fara da pano da batir kafin ya yi tunanin abonmar shekara. Tsohuwar tele mai ƙaton baya kam a bar ta, ita ce ke shanye batir kafin a idar da sallar isha'i.

Su kuma abokan ango da suka ce waya ta isa, ba ƙarya suka yi ba, rabin gaskiya suka faɗa. Sabon abu a waya yake fara fita. Kasuwar faifai ta mutu, kuma tun wajen 2020 masu shirya fim na Kano suka karkata ga dogon zango a YouTube, kashi-kashi duk mako. Izzar So a can ya yi suna. Labarina ana nuna shi a tele ana kuma sa shi a YouTube. Mai waya yana kallon sabon kashi a daren da ya fita, da safe yana cikin masu gardama a kansa. Ba ruwansa da agogon tasha, ba ruwansa da ɗaukewar wuta muddin ya yi caji.

Sai dai mega ba ta da tausayi. Awa ɗaya ta kallo a ƙaramin hoto, 360, tana cin wajen mega 300. Ka ɗaga zuwa 720 ta kusa giga guda ko ta wuce. Mai bin fim uku duk mako yana kallon awa 12 ko 13 a wata, giga 4 ke nan idan ya daure da ƙaramin hoto. Wannan da sauƙi. Abin da ke cinye forfe ba fim ɗin ba ne, TikTok ne da ake leƙawa "minti biyu" kafin barci. Da yawa daga masu cewa Canal ta yi tsada, da za su tara abin da suke sa wa waya dala ashirin-ashirin, arba'in-arba'in, sai su ga sun wuce jika 10 ba su sani ba. Dabarar da ke aiki ita ce forfe na dare: ka sauke abin da kake so lokacin da mutane ke barci, ka kalla da rana. Game da layi kuwa, Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom duk suna gari, amma wanda ke ja a Sabon Gari ba lalle ya ja a bayan gari ba. Kada ka bi talla, ka ari wayar maƙwabcinka ka gwada a cikin ɗakinka.

Babban abin da nake ƙi game da waya ba kuɗi ba ne. Kallon mutum ɗaya ce. A gidan da ke da tele, ana gama tuwo a shimfiɗa tabarma, kaka tana tsine wa mugun cikin fim, yara suna dariya, uba yana ganin abin da ƴaƴansa ke gani. A gidan da kowa ke da tasa, ɗaki ya yi shiru, fuska biyar kowace da haskenta, ba wanda ya san abin da ke gaban ɗan'uwansa. Amaryar da aka bari da waya ita kaɗai daga safe zuwa dare, ba nishaɗi aka ba ta ba, kaɗaici aka ƙara mata.

Saura na huɗu, wanda ba a yi masa talla amma ya fi kowanne shiga gidaje: kati, wato katin memori irin na waya. Masu turawa suna nan a kasuwa, a bakin tasha, a kusan kowace unguwa, yaro da kwamfuta da benci. Ka kai kati ko kile ta USB, ka ce a sa maka kashi goma na ƙarshe, da fassarar Indiya irin ta Algaita, da waƙoƙi, da karatun Alƙur'ani, ka biya ƴan daloli. Kusan duk telen zamani da dekodar kyauta suna da ramin USB, ka soka kawai gida duka ya kalla a babban allo. An kira salla a tsayar, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Tasha kuwa, ta Canal ko ta parabol, ba ta tsayar da shirinta don ta jira ka. Kile mai giga 32 tana ɗaukar kashi sittin ko fiye. Ga mutanen ƙauyukan Tanout ko Gure da layi ba ya kai musu sosai, wannan ita ce silimarsu, mai zuwa cin kasuwa ya komo da ita a aljihu.

Aibinsa uku na sani. Katin jabu ya yi yawa, a rubuta 64 a jiki, ka zuba kaya rabi ya lalace. Wani fim ɗin tele ta nuna hoto ba murya, don haka ka ce a sa maka MP4 kuma a gwada. Na uku ya fi muni: kwamfutar da ke tura wa kowa tana ɗauke da komai, wani lokaci a haɗo maka da abin da ba ka nema ba. Kada ka miƙa wa yara kati kafin ka bi shi da kanka. Akwai kuma maganar haƙƙi da ba na so in tsallake. Wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ba ya samun ko dala daga turawa, amma idan ka kalla a tasharsa ta YouTube tallar da ke fitowa tana kai masa wani abu. Fim ɗin da kake ƙauna da gaske, ka daure ka kalle shi a gidan mai shi.

Waƙa kuwa ba ta jiran tele. Sabuwar waƙar Kano sai ta gama zagaye TikTok, da wuraren biki, da lasifikar adaidaita, kafin ta iso jerin Zafafa Goma na Arewa24. Canal za ta ba ka kiɗan Abijan, Kinshasa da Legas a tashoshin Trace, ta Hausa kaɗan ce. Mawaƙan gida an fi ganinsu a tashoshin Yamai da kuma rediyo. Tsofaffin kuwa, Shata, Ma'azu Ɗan Alalo namu na nan Damagaram, gurmin Malam Mamman Barka, a kati suka fi zama, waƙa ɗaya ba ta wuce mega 4 ko 5 ba. Kada a raina hanyar nan: kiɗan Mdou Moctar ta katin waya ya bi Sahara hannu da hannu kafin Turawa su san da shi. Wanda waƙa ce damuwarsa ba ya bukatar faranti ko kaɗan, ƴar rediyo mai cin kati ta ishe shi.

Da aka zo shayi na uku na faɗa wa ango ra'ayina. Gida irin nasa, mutum biyu da baƙin amarya, parabol ta kyauta da kile guda ɗaya, abin da ya rage a tara a sayi pano. Ƙwallo ya zo fada ya kalla tare da mu, da ma ba ta daɗi mutum shi kaɗai. Canal ta jira har yara su shiga lakwal. Da gidan Baffa ne, mai samari huɗu da kowannensu ke biyan kuɗin gidan kallo ya kuma kai sha ɗayan dare a waje duk Talata da Laraba, da cewa zan yi a sa Canal gobe, a karɓi karo-karo a hannunsu. Kuɗin zai fi sauƙi, kuma tsoho zai san inda ƴaƴansa suke. Ɗalibin Jami'ar André Salifou mai ɗakin haya da tabarma ɗaya, shi waya da kati sun ishe shi, kada ya ɗora wa kansa faranti da zai riƙa cirewa duk sauyin ɗaki.

Na ƙara masa da cewa kada ya sallami mai haɗawa sai ya zauna ya ga tashoshin da ya lissafa ɗaya bayan ɗaya, ya sa a jera masu muhimmanci a farko, ya kuma ɗauki hoton shafin lambobin da wayarsa saboda ranar da wata za ta ɓace.

Mako biyu bayan nan muka je gaishe su da maiɗakina. An cire ƙyallen, mata biyar a kan tabarma, ba wadda ta amsa sallamarmu da kyau sai da aka shiga talla. Ango ya jawo ni waje ya rage murya. "Yaya, komai ya yi. Amma don Allah Larabar nan a ajiye mini wuri kusa da allo."